Turancin Bakin Rijiya

A shekarar da nake aji uku na ƙaramar sakandare, ruwan rijiyarmu ya gudu ƙasa tun albasa ba ta gama yin kai ba. Garkarmu tana bayan ƙauyenmu, Kashin Zama, kuma abin da gidanmu zai ci a shekara, da suturarmu, da takalmin makarantata, duk daga komayen albasar nan, wato fangalolin da ake dasa ta, yake fitowa. Injin ban ruwa yana da iyakar zurfin da yake iya jawowa. In ruwa ya wuce nan, sai dai ya yi ta gurnani a bakin rijiya, tiyo kuwa ko ɗigo. Abin da manoman wajenmu suke yi in haka ta faru shi ne su sassaƙa dandamali a jikin rijiyar daga ciki, can kusa da ruwa, su zura injin su ɗora shi a kai. Kashe shi ba wuya, akwai zaren da ake ja daga sama. Tayar da shi ne sai mutum ya sauka da kansa, ya cika bututu da ruwa, ya ja igiyar inji har ya kama, sannan ya hauro cikin hayaƙi yana taka ramukan da aka fafe a bango. Ana yin haka da safe, a sake yi bayan azahar in rijiyar ta tara wani ruwan. Babanmu ba shi da ɗa namiji da ya isa wannan aiki, don haka shi yake sauka.

Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu ana riƙe da kunyar ɗan fari yadda aka gada. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwa ina tsaye a gabansa, bango zai kalla ya ce a kawo ruwa. Ƙannena suna hawa wuyansa suna ja masa gemu, ni kuwa in na gaishe shi ya amsa, zance ya ƙare. Na san ba ƙi ba ne, kowa ya gaya mini haka, amma ba zan ɓoye ba, abin yana ba ni haushi. Aikina a garka shi ne in na taso daga makaranta a Aliero in ɗauki kwanon abincinsa in kai, in ajiye a gindin dogonyaro, in juyo gida.

Malaminmu na Turanci mutumin Maiyama ne, siriri, kullum da tsumagiya a hammata ko da ba zai daki kowa ba. Ya hana Hausa a ajinsa. Shi kansa sai ya ga mun yi tsuru-tsuru sannan yake sako mana ita, a gajarce, fuska a murtuke. A wancan zangon ya raba mana wata takarda mai shafi biyu da aka yi ta ɗauka a hoto har baƙinta ya soma dusashewa. A samanta akwai zanen wani gini na dutse a kan tudu, mai ganuwa da hasumiyoyi da gwalalo cike da ruwa. Ya ce irin gidajen da sarakunan Turawa suke ginawa ke nan a zamanin da. Da muka kasa ganewa ya ce mu ɗauka birni ne aka matse shi ya koma gidan mutum ɗaya.

Ba tarihin ne ya dame shi ba. Abin da yake son mu koya shi ne wata irin jimla da ya sa wa suna jimla mai goyo. Uwar jimla tana tafiyarta, ga 'yar ƙarama a bayanta tana ƙarin bayani, kuma who da which da whose su ne majanyin da ya ɗaure su. Mu a Hausa wanda da wadda sun ishe mu, ko mutum ne ko jaki. Bature kuwa sai ya ware wa mutane nasu majanyin, ya ware wa kaya nasu, in ka musanya ka sha tsumagiya. Takardar nan daga farkonta zuwa ƙarshe goyo ce a kan goyo. Jimlar farko har yau tana bakina: The king who built the castle was afraid of his brother. Wato sarkin da ya gina gidan tsoron ɗan'uwansa yake yi. Daga nan sai ganuwar da ta fi itacen rimi tsayi, da gadar da ake ɗagewa in rana ta faɗi, da tagogin da aka tsuke don maharba, da rijiyar da aka haƙa a cikin gida don kada abokan gaba su tare musu ruwa. Malam ya ce hadda za mu yi, sakin layi bayan sakin layi, kamar yadda muka yi ta allo. A ganinsa abin da baki ya saba da shi hannu ba ya kuskure wajen rubutawa.

A lokacin tsoron da na fi sani shi ne tsoron Malam. In ya nuna ni da tsumagiya harshena ɗaurewa yake yi, in ba mutum which, in ba ganuwa who, aji ya kwashe da dariya. Ban san cewa wannan tsoron wasan yara ba ne.

Ana cikin haka aka yi rashin wasu 'yan'uwa biyu a wata garka ta wajen Danwarai. Yayan ya sauka tayar da inji bayan azahar, aka ji shi shiru. Ƙanen ya leƙa ya hango shi a zaune kan dandamali, ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Ya kira, ya kira, sai ya bi shi. Da ƙugiya aka ciro su su biyun. Babu rauni a jikinsu, ba su kuma faɗa ruwa ba. Mutane suka ce masu rijiya, wato aljanu, su ne suka riƙe su, don an haƙa ta kusa da tsamiya ba a nemi izini ba. Baba ya je gaisuwa, ya dawo ya ci tuwonsa. Washegari na kai abinci na tarar da takalmansa a bakin rijiya, shi yana ciki. Na tsaya da kwano a hannu har sai da na ga hularsa ta ɓullo, sannan na ajiye na tafi.

A makon ne muka kai sakin layi na ƙarshe. Ɗan'uwan sarkin ya zo da runduna ya kewaye gidan, ya zauna yana jira. Rani ya yi tsawo, ruwan rijiyar ya ja baya, sarki ya sa a zura mutane su ƙara mata zurfi. Malam ya rubuta jimlar a allo ya ja layi a ƙarƙashin majanyinta: The men who went down did not come up. Mutanen da suka sauka ba su hauro ba. Yana ta bayanin dalilin da ya sa wannan ba ta da waƙafi, ni kuwa Baba nake tunawa. Takardar ba ta ce an harbe su ba, ba ta ce igiya ta tsinke ba. Cewa kawai ta yi iskar da ke ƙasa ba ta da kyau.

Da aka tashi na bi shi har gindin bishiyar da yake ajiye babur ɗinsa. Ban taɓa tunkarar sa don kaina ba. Na soma haɗa tambayar da Turanci, ta watse mini a baki. Ya dube ni ya ce, "Hwaɗi da Hausa."

Na ce, "Malam, mi yak kashe mutanen da sunka shiga rijiyar?"

Ya ce, "Babanki cikin rijiya shika aje inji?"

Na ɗaga kai.

Ya cire tsumagiyar daga hammata ya ɗora a kan babur. Ya ce, "Su iskarsu zurhi yaɓ ɓata ta. Ta babanki ta hi muni, don shi inji na ƙara mata dahi. Hayaƙin da kika gani da ido shina washewa. Akwai wanda ba a gani, ba shi da wari, shina zamne ƙasa ko an kashe inji. Mutum ba shi jin zahi. Kai nai za shi yi nauyi, shi ji awa shi ɗan zamna shi huta. In yaz zamna, shi ke nan."

Ya ce a gaya wa Baba ya riƙa daɗewa ƙwarai kafin ya sake shiga, a ɗaura masa igiya a ƙugu, wani ya tsaya a sama yana yi masa magana ba fasawa. In ya daina amsawa a jawo shi. Ya maimaita mini cewa ko me ya faru kada kowa ya bi shi ciki. Na yi godiya na kama hanyar gida.

Ba ni da bakin gaya wa Baba, sai na gaya wa Inna. Tana jego a lokacin, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Ta saurare ni tana shayar da jaririn. Bayan magariba da ta kai masa tuwo na laɓe a bayan rumbu ina jin su.

"Maigida, yarinyag ga ta zo da magana daga makaranta." Ta zayyana masa duk abin da na ce.

Ya ce, "Malamin nan ya taɓa dasa albasa?"

Ta ce, "Bai dasa ba. Waɗanda anka binne Danwarai sun dasa."

Na ji ya ajiye cokali. Can ya ce jira dai ba zai yiwu ba, rana ba ta jiran kowa, kuma in bai ba komayen yamma ruwa kafin la'asar ba gobe lawashi zai kwanta. Igiya kuma, shi akuya ne da za a ɗaure shi mutane suna kallo? Inna ta ce su kalla. Ya ce to wa zai riƙe, tunda kowa yana fama da tasa garkar. Ta ce, "Ita." A daren nan ta aika wa matar maƙwabcin garkarmu, wanda muke kira Baffa, cewa shi da samarin 'ya'yansa su riƙa kasa kunne in sun ga Baba ya nufi rijiya, kuma ko me ya faru kada su bi shi ciki.

Washegari na ajiye kwano ban juya ba. Baba ya ci abinci, ya wanke hannu, ya ɗauko igiyar guga ya ɗaura a ƙugunsa yana kallon wani wuri. Ya ratsa ta kan gungumen da ke gicciye a bakin rijiyar, ya yar da sauran a ƙasa kusa da ƙafata, ya sauka. Na durƙusa na leƙa. Wani ɗumi ya bugi fuskata, mai warin fetur da laka. Ina hango farar hularsa da ƙyallin ruwa a ƙarƙashinsa, ban da su duk duhu.

Muryarsa ta taso kamar daga cikin tulu. "To, a yi maganar mana."

Sai na rasa abin cewa. Tun da aka haife ni ban taɓa jera masa jimla uku ba. Na ce, "Baba, lahiya?" Ya ce lahiya. Na sake cewa, "Baba, lahiya?" Ya ce lahiya. A ta uku ya ce, "Tambaya guda za a yi ta yi har in hito?" Na so in ja sura, sai na tuna ba a katse karatun Alƙur'ani da amsa, shiru zai yi ya saurara, kuma shirun nan shi nake gudu. Abin da ya rage a kaina mai tsawo, wanda zan iya zubawa ba tare da tunani ba, haddar Malam ce. Na sunkuya na gaya wa rijiyar da Turanci cewa sarkin da ya gina gidan tsoron ɗan'uwansa yake yi.

Sai na ji, "To."

Na kawo ganuwa, ya ce to. Na kawo gada, ya ce to. Ina cikin tagogin maharba injin ya kama, igiyar ta yi sako-sako a hannuna, na riƙa tattara ta har ya fito yana tari. Ya kwance ta ya wuce wajen tiyo bai dube ni ba.

Haka muka ci gaba kullum. Baffa ya sami abin tsokana. Da ya hango ni zai ɗaga murya daga cikin komayensa ya ce, "Malamar masu rijiya ta iso. Ki dai bi a hankali, kada su wayi gari suna amsa muna da Turanci." Ina yaƙe, amma ba na jin dariyar. Duk ranar Allah in na taso daga makaranta sauri nake yi kada ya gaji da jira ya shiga ba ni. Ranar da Malam ya tsare mu bayan tashi don wasu sun yi surutu, kuka na fashe da shi a tsakiyar aji, har ya ce in tafi.

A bakin rijiyar nan na tsani jimla mai goyo, a nan kuma na iya ta. Matsalarta ba ta ƙarewa da wuri. Ka ɗauko rijiya, kafin ka faɗi abin da ya same ta sai ka tsaya ka ba da labarin zurfinta da wanda ya haƙa ta, duk wannan lokacin kuma ban san ko Baba yana tsaye ko ya zauna ba. Sai na koma yanka ta. In kai inda uwar ta tsaya in dakata, ya ce to. In sauke goyon in dakata, ya ce to. Sannan in koma wa uwar in ƙarasa. Kafin mako ya zagayo na san gaɓar kowace jimla a takardar nan kamar yadda mahauci ya san gaɓar rago. Da Malam ya tashe ni a aji na zuba masa ita ba tuntuɓe, ya ce ni kaɗai nake numfashi a inda ya dace. Da a farkon zango ne da na yi kwana uku ina taƙama. A ranar ko a jikina.

Sakin layi na ƙarshe ne kawai ban taɓa kaiwa bakin rijiya ba. In na zo inda runduna ta kewaye gidan sai in koma kan sarki da ɗan'uwansa. Na san Baba ba ya jin ko kalma ɗaya, amma bakina ba zai iya zura wannan jimlar cikin ramin da yake tsaye ba. Wata rana da yamma na ji yana tambayar Inna, "Wai mi taka hwaɗi haka kullum?" Inna ta kira ni na ba ta labarin da Hausa, shi yana gefe yana gyaran fartanya kamar ba da shi ake ba. Da na gama ya ce wa fartanyar, "Mutum shi gina wanga abu dut don tsoron ɗan'uwa nai. Allah shi kyauta."

Bazara ta kankama. Albasa ta yi kai, saura ban ruwa kaɗan a bar ta ta bushe a cire. Manyan motoci sun soma tsayawa a bakin titin Jega, masu saye suna zagaya garake suna duba kaya. Ruwan rijiyar kuwa kullum ƙara ja baya yake yi, har Baba ya sake sassaƙa wani dandamalin a ƙasa da na farko. Daga nan hularsa ma da ƙyar nake hangowa.

Ranar da abin ya faru babu iska ko kaɗan, ganyen dogonyaro ko motsi. Na iso na tarar da shi a tsaye a bakin rijiya yana tsaki. Injin ya mutu da kansa ana tsakiyar aiki, ruwa ya tsaya a rabin komayen yamma. Bai taɓa abincin ba. Ya leƙa ya ga hayaƙin ya washe, ya ɗaura igiya. Na so in ce masa wanda ba a gani yana nan. Na buɗe baki na ce, "Baba," ya ce, "A riƙe," ya sauka.

Na soma daga sarki. Ina jin yana kwance fulogin injin yana hurawa, yana amsa mini a tsakani. Ya ja igiyar inji, ya kama, ya yi ƙara, ya mutu. Baƙin hayaƙi ya taso ya shiga idona. Ya sake ja, ya kama, ya sake mutuwa. Na wuce ganuwa, na wuce gada, na kai runduna, na koma farko. Bai taɓa daɗewa haka ba. Amsarsa ta soma zuwa a makare, kamar ta mutumin da ake tasa daga barci. Na bar Turanci na ce, "Baba, ka hito hakanan." Ya ce, "Saura kaɗan. A ci gaba."

Na ci gaba. Na yanka jimlar na dakata. Ya ce to. Na sauke goyon na dakata. Na ji ƙarar ƙarfe ya faɗa ruwa, sai muryarsa a hankali, ba da ni yake ba, "Bari in ɗan zamna."

Na ce, "Kada ka zamna. Baba, kada ka zamna."

Bai amsa ba. Igiyar ta miƙe a hannuna ta yi nauyi.

Na ja da iya ƙarfina, ko gezau. Na taka gungumen na kwanta baya, igiyar ta zame ta saɓule mini fatar tafin hannu. Ban san irin ihun da na yi ba, an dai ce har masu garkar da ke hayin hanya sun ji. Baffa ne ya fara isowa, 'ya'yansa biyu a bayansa. Ya leƙa, ya yi salati, sai na ga yana tuɓe takalmi yana neman ramin farko da ƙafarsa. Duk saƙon Inna ya fita daga kansa. Na saki igiyar na cakumi rigarsa ta baya da hannu biyu, dattijon da ko ido ba na haɗawa da shi. Na ce, "Baffa, kada ka shiga. Haka na Danwarai sunka yi. Igiya, ku ja igiya." Ya fizge, ban sake shi ba. Babban ɗansa ne ya fara kama igiyar, sannan suka taru a kanta.

Sun daɗe suna ja, ko kuma ni ce na ga daɗewar. Baba yana tahowa yana gogar bango, ƙasa tana zubowa. Da ya ɓullo a naɗe yake a ƙugu, kai da ƙafafu suna reto, babu hula, goshinsa ya daddauje. Suka shimfiɗe shi a inuwa. Wani ya ce a tofa masa addu'a a kunne, wani ya ce a kawo nono a zuba a rijiyar, Baffa yana ta yi masa fifita da hularsa yana kiran sunansa. Ni ina durƙushe ina kallon ƙirjinsa. Yana ɗagawa kaɗan, ya tsaya, har in ce ya tafi, sai ya sake ɗagawa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayawar ba, kuma ban sake ji ba.

Can ya yi wani irin tari ya juya ya yi amai. Aka ɗora shi a babur, ɗan Baffa ɗaya yana tuƙi ɗaya yana riƙe da shi ta baya, aka kai shi asibiti a Aliero. Ya kwana ana ƙara masa ruwa. Da aka dawo da shi yana dafe da kai, ya ce kamar ana sara masa shi da gatari. Masu zuwa dubiya suka cika zaure. Rabinsu sun ce hayaƙi ne, rabi sun ce masu rijiya ne suka yi gargaɗi, Baba kuwa kowa ya faɗi tasa sai ya ce haka ne.

Samarin Baffa suka taimaka da guga a ranar farko da ta biyu, amma guga ba ta shayar da garka, kuma su ma tasu albasar tana jira. Mai gyara ya zo aka ciro injin ya wanke shi, aka mayar. A bakin rijiya ba zai jawo komai ba, wannan kowa ya sani. Na je na ga lawashin komayen yamma ya soma kwanciya, bakinsa ya yi rawaya. Ban gaya wa kowa ba, amma Baffa ya gaya masa.

Inna ta yi magana har ta gaji. Ta ce a bar komayen yamma su tafi, na gabas sun isa. Ya ce ba su isa ba, ita ma ta sani. Ta ce a nemi wani ya sauka. Ya ce, "Ɗan wa?" Ta shiga ɗaki ta fito da tsumma ta naɗe mini tafin hannuwana, tana yi hawaye suna sauka a kan tsumman.

Ranar da ya koma garka ban je makaranta ba. Na bi shi a baya tun da hantsi, yana tafiya a hankali yana tsayawa. Baffa da ya hango mu ya bar abin da yake yi ya matso ya zauna a kan kunya kusa da rijiyar, bai yi tsokana ba. Baba ya cire takalmansa ya jera su. Ya ɗaura igiyar, ya ja ƙullin ya gwada, ya ratsa ta kan gungumen. Wannan karon bai yar da ita a ƙasa ba, miƙo mini ya yi, na karɓa. Ina so in ce masa kada ya shiga, ina so in ce masa ina jin tsoro, kuma na san zai shiga.

Ya juya ya zura ƙafa a ramin farko. Da kafaɗunsa suka zo daidai bakin rijiyar ya dakata, idonsa a kan bango.

Ya ce, "Ina kit tsaya?"

Na nema a kaina na rasa. Na naɗe igiyar a kan tsumman, na durƙusa, na soma daga farko, ina sauraren ya ce to.